Kan mota ya wuce, wutsiyarta tana nan tafe

Assalamu alaikum. Hajiya, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ba yaron lafiya, ya sa kaffara ce.

Na karanta abin da kika rubuto: ɗanki mai shekara 11 yana dawowa daga makaranta, ya tsaya a gefen hanya kusa da babbar kasuwa don wata babbar mota mai ɗauke da rodi ta wuce, kan motar ya riga ya bar shi ya karya hagu, sai ga yaro a ƙasa, kai a fashe, hannu a karye. Direban ya rantse bai gan shi ba, ke kuma kina tambaya ko hakan na yiwuwa, ko dai rantsuwar kare kai ce. Na ga wasu sun ce miki tsautsayi ne ki yi haƙuri, wasu sun ce dama direbobin manyan motoci ba imani gare su ba. Ni abin da na sani zan faɗa, don a wannan sana'ar na yi furfura. Shekara 6 ina karen mota, 19 ina riƙe da sitiyari, daga Maradi zuwa Konni, Dosso, Gaya har tashar jirgin ruwan Kwatano, wani lokaci kuma ta Ɗan Isa mu faɗa Jibiya mu wuce Katsina da Kano.

Yana yiwuwa, Hajiya. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa miki. Amma rashin ganin bai wanke shi ba, kuma zan zo kan wannan.

Kin taɓa ganin mace ta ɗauko doguwar dammar kara a ka, aka kira ta daga hagu ta waiwaya? Gaban karan ya bi fuskarta, bayan karan kuwa ya shari duk wanda ke damarta, ita ba ta ma san an yi ba. To haka babbar mota take. Ƙafafun baya su ne wuyanta, a kansu take juyawa. Duk abin da ya fito bayan waɗannan ƙafafu, bodi ne ko kaya, idan kai ya yi hagu shi dama zai yi, idan kai ya yi dama shi hagu zai yi. Mutum yana tsaye a ɓangaren da motar take gudu daga gare shi, ya ga ta ba shi baya, hankalinsa ya kwanta, har ya ɗaga ƙafa zai ci gaba da tafiya. A daidai lokacin ne wutsiyar take isowa.

Ubangidana na farko, Allah ya jiƙansa, bai koya mini wannan da baki ba. Wata safiya a wani fili bayan gari ya tsayar da motar, mai ƙafa goma ce, ya ja layi da dunduniyarsa a cikin yashi daidai gefen bodi na dama, ya ce in jera gwangwanaye daga layin zuwa waje, kamu ɗaya tsakanin kowanne. Ya shiga, ya murɗa sitiyari hagu har ya ƙure, ya taka a hankali, ni ina bin kusurwar bodi da sanda ina zane a ƙasa. Zanen ya tsallake gwangwani na farko da kaɗan. Sai ya dawo da motar wurinta, muka ɗaura wani dogon katako ya fito baya kamar mita 3, aka sake. Wannan karon zanen sai da ya kai gwangwani na huɗu, wajen mita 2 ke nan daga inda gefen motar yake tun farko. Ya sauko ya tsaya a kan gwangwanin ya ce mini, ka ga nan? Nan ne mai tuyar ƙosai take zama. Tsawon abin da ke bayan ƙafa ninki biyu kawai muka yi, amma sharar ta fi ninki uku, kuma tun ranar ban sake kallon kayan da suka zarce bodi da ido ɗaya ba.

Duk da haka sai da abin ya same ni, ina shekara ta huɗu da fara tuƙi. Na ɗauko kayan gini, siminti a ƙasa, rodi da bututun ƙarfe a sama, zan kai wani kango a unguwar Zariya ta Maradi. Ana gab da kiran magariba, ina so in sauke in sami sallah. Yaron motata yana zaune kusa da ni, na ga gajiya a idonsa, ban ce ya sauka ba. Jan ƙyallen alama da muka ɗaura a bakin rodin da safe iska ta tafi da shi a hanya, na sani, na ce ai saura ƙiris. Na zo shan kwanar lungun, hagu, sai wani dattijo ya sauka daga kekensa ya raɓe jikin katanga ta dama don ya ba ni hanya. Na gan shi, har na ɗaga masa hannu. Na maida ido hagu ina lura da ƙafar baya kada ta faɗa kwata. Ban ji komai ba, Hajiya, wallahi ko girgiza. Ihun mutane ne ya sa na taka birki. Na sauko na tarar bakin bututun ya kama shi a haƙarƙari ya haɗa shi da katangar, hularsa a ƙasa, ledar tumatir da ya rataya a kan keken ta watse, yana ƙoƙarin magana numfashi ya ƙi. Haƙarƙari 3 ya karye. Ya yi makonni a likita, Allah ya tashe shi, ya kuma yafe mini tun kafin in roƙa. Mutumin nan ladabi ya yi mini, ya ba ni hanya, kuma wurin da ya zaɓa don ya tsira shi ne mafi muni a duk lungun, don katanga ba ta matsawa.

Ni ma a ranar na ce ban gani ba, kuma gaskiya na faɗa. Mai shan kwanar hagu idonsa hagu yake. Kujerar direba tana hagu, madubin dama yana can nesa, abin da yake nunawa gefen bodi ne, ba ƙarshen rodin da ya zarce da mita biyu ko uku ba. In tirela ce ma, da zarar kai ya karya, madubin waje sararin Allah kawai yake nuna maka, bodin ya fita daga cikinsa gaba ɗaya. Ga ƙarar inji, ga kaya ton ashirin ko talatin, jikin yaro ba zai sa motar ta ko motsa ba. To amma don wannan makantar aka yi karen mota. Aikinsa ba wankin mota da dafa shayi kaɗai ba ne. A cikin gari, duk kwana mai matsi, ya sauka ya tsaya a baya ta ɓangaren waje, ya kori mutane, ya buga bodi in ya ga abin da direba bai gani ba. Direban da ya san bai gani, ya kuma juya ba tare da ya sa wani ya gane masa ba, ya ɗauki alhaki. Ni na ɗauka, shi ya sa nake faɗa ba tare da jin nauyin abokan sana'ata ba.

Batun rodi kuwa akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Tsawonsa mita 12 ne daga masana'anta. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda Nijar ke ciki, ta ƙayyade babbar mota mara tirela kada ta wuce mita 12 daga hanci zuwa gindi, tirela haɗe da kan da ke janta mita 16 da rabi, faɗi mita 2.55, tsayi mita 4. Kin ga ke nan babu yadda rodi miƙaƙƙe zai shige bodin motar da ita kanta, har da mazaunin direba, mita 12 ce. Shi ya sa ake lanƙwasa shi biyu. Lanƙwasasshen ma wajen mita 6 ne, in aka ɗora shi a ƙaramar mota mai bodi mita 4 sai biyu su rage a waje. Yanzu har adaidaita da amalanken jaki za ki ga sun kinkimo shi, rabi a sama rabi yana jan ƙasa. Rodi siriri ne, launinsa launin ƙura, da yamma ko lokacin hazo ido ba ya kama shi, ga shi yana lilo sama da ƙasa, daidai fuskar babba ko kan yaro. Jan ƙyalle ba ado ba ne. Kuma da dare ƙyalle ba ya aiki, sai fitila ko abu mai ƙyalli. Mai kayan da ya ƙi biyan mota daidai kayansa, da mai shagon da ya yi lodin, da direban da ya yarda ya tashi, duk da hannunsu a ciki.

Akwai kuma masu kai mota wurin mai walda a ƙara mata shasi da bodi ta baya don ta ci buhu da yawa, ƙafafun kuwa suna inda suke. Kowane kamu da aka ƙara, wutsiya aka ƙara. Haka masu lodin harawa, gawayi ko katifu da ke kumbura ta gefe har su rufe madubi, da ƙofar baya da aka bari tana reto, da ƙugiyar igiyar tamfol mai kama riga ko hijabi ta ja mutum ƙarƙashi.

Cikin kwanar ma ba wurin tsira ba ne. Ƙafafun baya ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi ta ciki. Shi ya sa tirela mai son yin dama take fara buɗewa hagu, ɗan kabu-kabu ya ga fili ya kutsa, filin ya rufe da shi.

Abin da nake gaya wa ƴaƴana, kuma nake so ki gaya wa naki in ya warke, ba shi da yawa. In babbar mota ta rage gudu kusa da mahaɗa ko ƙofar sito, a ɗauka juyawa za ta yi, ko ta kunna sigina ko ba ta kunna ba, don da yawa fitilun sun mutu. Kada a tsaya ana kallon kanta, a dubi gindinta da abin da ke bisa. A ja baya, ba taku ɗaya ba, huɗu ko biyar, kuma baya ta inda ta fito ko cikin wata ƙofa, ba jikin bango ba, ba tsakaninta da motar da ke ajiye ko turken lantarki ba. Kada a motsa sai an ga ƙarshen kayan ya wuce da ido. Yaro yana ganin kai ya wuce yake zabura, don haka a riƙe hannunsa har ƙarshe. Masu tebur da ƴan talla da ke son bakin kwana saboda nan ne ciniki, musamman Litinin da Juma'a da kasuwa ke ci motoci na shiga suna fita, na san abinci ake nema, amma a matsa ko da tsawon tabarma biyu ne daga kusurwar.

Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ban musa ƙaddara ba. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙuma sannan a dogara. Ƙyalle na dala ashirin da yaron mota a ƙasa, su ne ɗaurin raƙumarmu.

Game da direban, ko za ku yafe, ku bari ƴan sanda su rubuta abin da ya faru, a ɗauki lambar motar da takardar inshorarta, ku adana duk takardun likita da na magani. Tambayoyin da za a yi masa uku ne: rodin ya zarce bodi da nawa, akwai alama a bakinsa, kuma ina yaron motar yake lokacin da ya juya? Amsarsu za ta nuna miki abin da rantsuwa ba za ta nuna ba. Ku nemi masu shagunan wurin tun yanzu, su suka ga bayan motar, shi gabanta kawai ya gani.

Sai kuma yaron. Kin ce an ɗinke kan an sallame ku. Hannu zai ɗoru in sha Allah, kan ne abin lura a kwanakin nan. In ya fara amai, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko magana ta rikice, ko jijjiga, ko kika ga jini ko wani ruwa yana fita ta kunne ko hanci, kada ki jira gari ya waye, kada kuma a tsaya wurin mai ɗori, ku koma likita a daren. Ki sanar da mu yadda ya kwana.