Bakin mahaifa bai ƙara buɗewa ba, me ya sa likita ya ce magani ya yi aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar ungozoma ce a Gusau. An saka wa wata mai ciki misoprostol don tayar da naƙuda. Bayan awa 6 aka sake dubawa, bakin mahaifa yana nan santimita 2 kamar yadda yake tun farko, amma likita ya ce an samu ci gaba. Ta ina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Buɗewa ce kawai kika duba, ita kuwa sau da yawa daga baya take zuwa. Aikin farko na wannan magani shi ne ya sa bakin mahaifa ya nuna, wato ya yi laushi, ya gajarce, ya juyo gaba.

Ana auna nunar da makin Bishop, wanda likitan Amurka Edward Bishop ya fitar a 1964. Abu biyar yatsunki za su tantance. Buɗewa, da gajarcewa, da saukowar kan jariri a ƙugu, kowanne maki 0 zuwa 3. Laushi da inda bakin ya fuskanta, kowanne 0 zuwa 2. Jimilla 13. Maki 6 ko ƙasa, bai nuna ba. Daga 8 zuwa sama, ya shirya.

Laushin ne ke ba ɗalibai wahala. Idan ya yi tauri kamar tsinin hanci, maki 0. Idan kamar leɓe, maki 2. A ce da farko bakin dogo ne, mai tauri, yana can baya, kai bai sauko ba: maki 1 ke nan, na buɗewar santimita 2. Yanzu ya yi laushi, ya ragu da rabi, ya dawo tsakiya, kai ya ɗan sauko: maki 6, alhali santimita bai motsa ba. In da hali, mutum ɗaya ya yi dubawar duka biyu, don hannu da hannu sun bambanta.

Kafin ƙarin magani, ɗora hannu a cikinta ki ƙirga murɗawar naƙuda na minti 10. Ta wuce 5, ko bugun zuciyar jariri ya fita daga 110 zuwa 160, a dakata a kira likita. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya mikrogiram 25 ne, ta farji kowace awa 6, ko ta baki kowace awa 2. Ƙwayar da aka fi samu kuwa mikrogiram 200 ce, kuma gutsura ta da farce hasashe ne. Gara a narkar da ita a ruwa mililita 200, a ba da mililita 25 a sha.

Ba a ɗaura ruwan naƙuda sai an yi aƙalla awa 4 da ba da misoprostol na ƙarshe. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ba a ba ta misoprostol, don mahaifa na iya fashewa. Ita balan-balan ɗin robar fitsari ake saka mata a bakin mahaifa.