Corolla ko Civic don zirga-zirgar yau da kullum?

Ɗan'uwa, ka tambaya wacce za ka ɗauka tsakanin Toyota Corolla da Honda Civic, duka masu shan fetur, don zuwa aiki da kai yara makaranta. A ganina, in gudu bai dame ka ba, ɗauki Corolla. Civic ta fi daɗin sitiyari da riƙe hanya a kwana, amma wanda rabin tafiyarsa cunkoso ne, yaushe zai ji wannan daɗin?

Sai dai inji da giya sun fi sunan motar muhimmanci. Injin lita 1.8 na kowannensu ba shi da rigima, kuma sarƙar taimin gare shi, ba bel ba. Civic ta 2016 zuwa sama kuwa akwai mai lita 1.5 da turbo. Ƙarfi kam akwai, amma ba ta yafe jinkirin sauya baƙin mai, kuma gajeriyar tafiyar da inji bai gama ɗaukar zafi ba tana wahalar da ita. Da yawa daga cikin Corolla da Civic na 2014 zuwa yau giyar CVT ce da su, wato wata irin giyar otomatik da ba ta da matakan lamba ɗaya, biyu, uku. Man wannan giyar daban ne, in aka zuba mata na otomatik na gama-gari, lalacewa za ta yi.

In ta hannu ce, kada ƙyallin fenti ko ƙarancin kilomita su ruɗe ka, ana iya mayar da lambar baya. Tayar da ita injin na sanyi, ka tuƙa ta a hanya mai ramuka da AC a kunne. Kafin ka biya, bakanike amintacce ya sa mata kwamfuta, ya leƙa ƙasanta ko ta taɓa haɗari ko shan ambaliya.