Ga ƙanenmu da zai fara aiki a kamfanin manhaja: yadda muka tarar da abin a zamaninmu

Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanena, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Ka tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya yi aiki a babban kamfanin manhaja a nan Legas tun farkon abin, yaya zaman ofis yake, kuma wai da gaske ne ana kiran shugaba da sunansa gatsau, sannan yaya za ka yi da salla a wurin aiki. Na ga 'yan'uwa sun cika ka da lissafin albashi da kuɗin haya, to ni bari in taɓa ainihin tambayar, tunda a can furfurata ta fara.

Na shiga a 2002, ina gama bautar ƙasa. Kamfanin na ƙasar waje ne mai sayar wa bankuna manhaja, ofishinsa yana Victoria Island, sunan kuwa a bar shi. Lokacin wayar salula ta GSM shekararta ɗaya kacal da shigowa, don a Agustan 2001 MTN da Econet suka fara, ana cire maka naira hamsin a minti ko da "ina kwana" kawai ka ce ka kashe, sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa muka samu sa'ida. Intanet ɗinmu ta wani faifan tauraron ɗan'adam ne da aka kafa a saman bene, da hadari ya haɗu sai kowa ya naɗe hannu. Ina zaune a Agege wajen kawuna mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba. Ana sallame Asuba nake fita, in hau molue, babbar bas ɗin haya ta Legas, zuwa Oshodi, in sake wata zuwa Obalende. Babu BRT, bas ɗin nan mai hanyarta daban, sai 2008 ta zo.

Ranar farko na shiga ofishin manajanmu, wani Bature dogo, na rusuna har ƙasa na gaishe shi yadda aka tarbiyyantar da ni. Bawan Allah sai shi ma ya sunkuya yana dube-dube a ƙarƙashin tebur, ya ɗauka biro na yar. To maganar suna gaskiya ce. Kowa da sunansa ake kiransa, daga mai shara har shugaba. Ni kuwa na yi wata uku ina kauce wa sunan mutumin nan kamar uwa da ɗan fari. In ina son magana da shi sai in tsaya a bakin ƙofa in yi ta gyaran murya har ya ɗago. Abokan aikina Yarbawa ma ba su iya ba, su da ke kwanciya ƙasa su gai da babba, sai suka ɓullo da dabarar kiran manya da haruffan farkon sunayensu, ko su liƙa "Oga" a gaba.

Amma kiran suna ƙaramin alhaki ne, baki yana sabawa. Abin da ya ba ni wuya shi ne ana so ƙarami ya buɗe baki a cikin taro ya ce wa babba ka yi kuskure. Duk ranar Laraba akan haska manhajar da mutum ya rubuta a bango, layi bayan layi, kowa ya tsince shi. Mu kuwa an raine mu a kan cewa babba juji ne, ba a kunyata shi a gaban jama'a, in akwai gyara sai a ja shi gefe.

Ka san a Yulin 2004 Soludo, yana gwamnan Babban Banki, ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen Disambar 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Mutanen gari a jarida suka karanta, mu a jikinmu muka ji, domin duk bankunan da suka haɗe sai an zuba bayanan masu ajiyarsu a rumbu ɗaya. Kuma lokacin babu lambar asusu ta bai ɗaya mai lamba goma da kuka sani yanzu, kowane banki da tsawon tasa.

Wata Laraba aka haska aikin babban injiniyanmu, dattijo ne ɗan Ibadan, sa'ar kawuna, shi ya koya min kusan duk abin da na iya. Ina dubawa na hango ya ajiye gurbin lambar asusu a matsayin adadi maimakon rubutu. Kwamfuta in ka ba ta adadi mai farawa da sifili, yar da sifilin take yi, don a lissafi ba shi da amfani. Ɗaya daga cikin bankuna biyun da muke haɗa bayanansu kuwa lambobinsa da yawa da sifili suke farawa, da an cire shi sai tsawonsu ya zo daidai da na ɗaya bankin, asusun wani ya hau kan na wani. Na gani ƙuru-ƙuru. Har na buɗe baki, na dubi furfurarsa, na dubi mutum goma sha biyu da ke zaune, na haɗiye. Na ce bari in an tashi in same shi shi kaɗai. Ana tashi aka tura shi Abuja, ni kuma aka jibga min wani aikin, maganar ta bi ruwa.

Daren Asabar muka yi gwajin kwashe bayanan. Wajen ƙarfe uku, muna ɗakin saba, wato inda manyan kwamfutocin ajiyar bayanai suke, sanyin esi ya sa kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, ledar tsiren da muka aiko aka sayo daga Obalende tana gefe ta daskare, sai jimillar kuɗi ta ƙi daidaita. Allah ya rufa asiri gwaji ne, kuɗin kowa bai taɓu ba. Amma kwana biyu muka yi ba mu ga gida ba, muna kwana a kan kwalaye, ana neman abin da ni na san inda yake tun mako biyu baya. Ka ce me ya hana ni faɗa a daren? Tsoro. Yanzu ba kunyar dattijo kaɗai ba ce, har da ta a ce ka sani ka yi shiru. Sai da asubar Litinin na matsa kusa da shi na nuna masa layin da yatsa.

A taron bitar da aka yi ba wanda aka zaga, haka tsarinsu yake, ana tambayar yadda abu ya faru ne, a rubuta, a gyara hanya. Da aka zo kan yadda na gano, na faɗi gaskiya. Dattijon nan ya cire tabarau ya dube ni ya ce, da na faɗa ranar Laraba da kunyar minti biyu zai ji, yanzu ga shi na sa ya ji ta kwana biyu a gaban mutanen banki. Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Kada ka ɗauka komai na wurin abin yabo ne. Kwanan ofis da muke alfahari da shi, yanzu in na tuna rashin tsari ne kawai, auren wasu ya girgiza a kansa. Kuma duk da kiran sunan da ke nuna kowa ɗaya ne, wanda aka kawo daga waje da mu 'yan gida aiki ɗaya muke yi, albashi kuwa ko kusa. Suna ɗaya, tukunya daban.

Batun salla da ka saka a ƙarshe, tun makon farko ka faɗa a fili, kada ka riƙa sulalewa kamar mai laifi. Ni da na yi magana aka daina sa min taro ranar Juma'a da rana, Azahar da La'asar kuma a bayan ɗakin janareta muke yi da masu gadi, wani Bazabarme ne limaminmu. Sai da ya shekara yana zaton ni direba ne.

Dattijon ya yi ritaya tuni, yana Ibadan. Duk Sallah sai ya kira ni ya yi min barka, ni har yau "Oga" nake ce masa, bakina ya ƙi sunan. Shi kuma tun daga ranar bitar nan bai sake kirana da komai ba sai Malam Ziro, wato sifili.