Tambaya da Amsa: Ina Son Karanta Fasahar Zayyana a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji biyu na sanawiyya, wato babbar sakandare, a nan Jidda, kuma na yi shekara biyu ina haɗa wa dangi katin biki da na suna a wayata da manhajar Canva. Burina in karanta fasahar zayyana, wadda Larabawa ke kira tasmim jirafik, amma ban san ta inda zan fara shiri ba, ga mahaifina yana ɗaukar abin wasa. Me zan yi a lokacin da ya rage mini?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Zan fara da abin da masu sha'awar zane ba sa son ji, wato jarrabawa. Jami'o'in gwamnati suna haɗa makin sanawiyya da na Ƙudurat, jarrabawar auna basira, sau da yawa har da na Tahsili, mai auna darussan da aka koya a sanawiyya, su fitar da kason da ake karɓar ɗalibi da shi, kuma kyan zanenki ba zai cike giɓin makin da ya gaza ba. Akwai wannan fanni a Jami'ar Darul Hikma da ke nan Jidda, wadda ta kuɗi ce, da Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad, da Jami'ar Imam Abdurrahman bin Faisal a Dammam. Ki karanta sharuɗan kowace tun bana, musamman idan da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, kike zaune, domin hanyar karɓar wanda ba ɗan ƙasa ba daban take.

Abin da na fi so ki mai da hankali a kansa shi ne rubutu. Canva tana ba ki gida ginanne ki sauya masa labule, alhali a jami'a tubali za a miƙa miki. Mai zayyana a ƙasar nan kullum yana aiki da haruffa iri biyu, na Larabci da ke tafiya daga dama da na boko da ke tahowa daga hagu, kuma zaunar da su a shafi ɗaya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba shi ne gwanintar da ake nema. Ki sayi alƙalamin gora da tawada, ki fara da salon rubutun Larabci na Ruƙ'a saboda sauƙinsa, sannan na Naskhi, ki koyi auna tsayin alifi da ɗigon bakin alƙalami. Salon Sulusi, wanda da shi aka rubuta kalmar shahada a tutar Saudiyya da ayoyin rigar Ka'aba, ki bar shi sai hannu ya faɗa. Alamar riyal da aka ƙaddamar a Fabrairun 2025 ma daga rubutun Larabci aka tsamo ta. Mu kuwa abin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya ga allon zayyana na saukar Alƙur'ani ya san kakanninmu sun iya raba fili da launi.

Ki riƙe littafin zane guda, ki riƙa sa kwanan wata a kowane shafi. Idan kun shiga Balad, tsohon garin Jidda, ki zauna ki zana ɗaya daga cikin rawashin, tagogin katako na tsofaffin gidaje, da fensir. Kada ki yage shafin da ya lalace, saboda idan aka nemi ganin kundin ayyukanki, malamai sun fi son ganin yadda tunani ya taso daga zanen farko zuwa na ƙarshe a kan tarin katunan da aka ɗora bisa samfurin wasu. Manhajojin Illustrator da Photoshop za ki koye su, kuma manhajar zane ta Inkscape kyauta ce ga mai kwamfuta.

Batun Baba kuma, kada ki yi jayayya da shi. Ki roƙe shi ya raka ki maɗaba'a ku buga ɗaya daga cikin katunanki. A can za ki ga koren da yake ƙyalli a waya ya fito a dushe a takarda, domin fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki. Ki tambayi mai injin yadda ake gyara wannan, shi kuma Baba ya tambaye shi nawa ake biyan wanda ya tsara aikin.