Ku Tambayi Gwaggo: Diana Dors da mai riƙe da lalita

Wasiƙu biyu suka zo mini daga Tawa a mako guda, kuma wani ɗan bidiyo da ke yawo a WhatsApp ne ya tayar da su duka. Na rage musu tsawo, na haɗa su wuri ɗaya.

Ta farko daga wata uwa: "Gwaggo, ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya. Ɗiyata shekarunta 19. Allah ya ba ta baiwar ban dariya, tana ɗaukar ƴan wasanni a waya tana sakawa a TikTok, har an fara kiranta talla, yau mai shagon atamfa, gobe mai turare. Akwai wani yaro da ke ɗaukar ta hoto. Shi ke amsa kiran masu talla, shi ke yanke farashi, kuɗin ma ta lambarsa suke shigowa. Yanzu ya aiko yana son aurenta. Yayanta ya nuna mini bidiyon wata Baturiya ƴar fim, Diana Dors, wai mijinta ne ya cinye ta. Gaskiya ne ko zancen waya ne? Ni kuma yaya zan yi?"

Ta biyu daga wani ɗan kabu-kabu: "Gwaggo, kuɗin nan da aka ce ta ɓoye, fam miliyan 2, ta rubuta inda suke da haruffan sirri, an same su kuwa? Mun yi gardama a tasha har fasinja ya wuce ni."

Ɗiyata, na amsa gaisuwa. Bidiyon ya iso mu nan Yamai, jikana ya nuna mini. Akwai gaskiya a cikinsa, sai dai mai shi ya fi damuwa da jera hotunan matar a kan faɗin labarinta, kuma haka aka riƙa yi mata tun tana raye. Bari in ba ki abin da na sani, tunda shekarun da na yi ina koyar da Turanci a lakkol sun bar mini ɗabi'ar bin diddigin irin waɗannan mutane.

An haife ta ran 23 ga Oktoba 1931 a Swindon, garin ma'aikatan jirgin ƙasa da ke yamma da Landan, ubanta ma malamin buro ne a kamfanin jirgin. Sunanta na gida Diana Mary Fluck. Sunan nan na ƙarshe, in harafi ɗaya ya faɗi daga cikinsa ya koma ashar a Turanci, don haka da ta shiga fim ta ɗauki Dors, sunan gidan su kakarta ta wajen uwa. Tana da shekara 14 ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo a Landan. Ba ta kai 17 ba kamfanin Rank, wanda shi ne babba a harkar fim ta Ingila a lokacin, ya ɗauke ta. A 1948 ta fito a Oliver Twist na David Lean a matsayin ƴar aikin gida. Kin ga ke nan ba kyau kaɗai ta zo da shi ba, yarinya ce da ta zauna ta koyi sana'a.

A 1951 ta haɗu da wani mai zaƙin baki, Dennis Hamilton. Makonni kaɗan aka yi aka ɗaura aure. Shekarunta a ranar 19, daidai da jikata da kike magana a kanta, kuma wannan ne ya sa na ɗora wasiƙarki a saman sauran.

Kada mu ci haƙƙin mutumin, ya iya talla. Shi ya ga cewa hotonta zai fi wasanta saurin kawo kuɗi, sai ya mayar da ita hajar kasuwa: gashi fari fat, tufafi matsattsu, motar Rolls-Royce tun tana da shekara 20 alhali aljihunsu bai kai ba. A bikin fina-finai na Venis a 1955 ta hau kwalekwale da ƴan kamfai na gashin dabba, washegari hoton ya cika jaridu. Aka riƙa kiranta Marilyn Monroe ta Ingila. Suna ya tashi, kuɗi suka shigo. Amma kamfanin da aka kafa da sunanta shi ke juya shi, shi ke magana da masu fim, shi ke riƙe da lalita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da bidiyon bai nuna ba, kuma ni shi ya fi taɓa ni, shi ne fim ɗin Yield to the Night na 1956, wanda J. Lee Thompson ya shirya. Sau biyu na kalle shi. Ta fito a matsayin Mary Hilton, ƴar shago da ta harbe wata mai kuɗi saboda saurayi, aka yanke mata hukuncin rataya. Mafi yawan fim ɗin a ɗaki guda ake yin sa, inda take jiran ranarta. Babu hoda, babu jan baki, gashi a hargitse, fitila ba a kashe ta dare da rana, mata masu gadi suna zaune da ita, ga wata ƙofa marar mariƙi a gefe wadda kowa ya san inda take kaiwa. Ba kuka take ta yi ba. Zama take yi tana kallon bango, ki ga mutum yana ƙarewa a gabanki kamar kyandir. A lokacin Ingila na cikin gardamar hukuncin kisa, don a Yuli 1955 aka rataye Ruth Ellis, mace ta ƙarshe da aka yi wa haka a ƙasar. Labarin fim ɗin daga wani littafi ne na Joan Henry da ya riga shari'ar Ellis fitowa, amma masu kallo sun haɗa su a zuciya. An kai fim ɗin bikin fina-finai na Kan a Faransa a 1956, an yaba mata ƙwarai. To da aka kai shi Amurka sai aka canja masa suna zuwa Blonde Sinner, wato mai farin gashi mai zunubi. Mace ta wanke fuskarta don a ga iyawarta, ƴan kasuwa suka sake shafa mata kwalliyar a jikin allon talla.

A wannan shekara kamfanin RKO ya kira ta Holiwud. Nan ne ya kamata ta haye, nan kuma ta zame. Suka shirya liyafa a gidansu don a san da zuwansu, cikin turereniya aka tura ta da mijin cikin kwamin wanka, shi kuma ya fito ya kama wani mai ɗaukar hoto da duka a gaban manyan baƙi da ƴan jarida. Jaridun Amurka suka juya mata baya. Sai ga zancen soyayyarta da Rod Steiger, wanda suka yi The Unholy Wife tare, kowannensu da aurensa. Fim biyu ta yi wa RKO, yarjejeniyar ta watse, kamfanin kansa ma yana kan durƙushewa. Ba zan mayar miki da ita waliyiya ba. Tana son shagali, hannunta ba ya riƙe kuɗi, kuma akwai ramukan da ita ta haƙa da kanta.

Da auren ya mutu a 1958 ne ta leƙa cikin lalitar ta tarar da bashi. Hamilton ya tilasta mata ta sa hannu ta bar masa dukiyar, shi kuma a Janairu 1959 ya rasu. Matar da ake rububin hotonta ta koma yawon gidajen rawa tana waƙa da barkwanci don ta biya lauyoyi. A 1960 ta sayar wa jaridar News of the World sirrin zamanta da Hamilton, har da ƙazaman liyafofin da ake yi a gidansu, shugaban cocin Ingila na lokacin, Geoffrey Fisher, ya fito ya yi tir da ita. Wanda ya sayar da hotonsa ya cinye kuɗin, abin da ya rage masa na sayarwa shi ne asirinsa. Ta auri ɗan barkwanci Richard Dawson, suka haifi maza biyu, suka rabu, yaran suka zauna wurinsa a Amurka. A 1968 ta bayyana karayar arziki, ana bin ta sama da fam 50,000, mafi yawansa haraji, abin da mu nan muke ce wa lanho. A shekarar ta auri Alan Lake, ɗan wasa mai fama da giya, wanda aka ɗaure a 1970 kan faɗan mashaya.

Daga nan labarin ya ɗan yi daɗi. Da jiki ya yi nauyi, masu neman hoto suka watse, sai aka tuna ta iya wasa. Ta yi wasan dandali a gidan wasa na Royal Court da ke Landan a 1970 aka yaba, ta riƙe shirin ban dariya na tele Queenie's Castle daga 1970 zuwa 1972 a matsayin uwar gida mai baki, ta yi uwaye da gwaggwanni da mugayen tsofaffi. Sanƙarau ya kwantar da ita a 1974 ta tashi. Can ƙarshe har amsa tambayoyin mutane take yi a tele kan damuwarsu, wato ta zama abokiyar sana'ata. Ciwon daji ya ɗauke ta ran 4 ga Mayu 1984, tana da shekara 52. Bayan wata biyar Alan Lake ya kashe kansa.

Ba sai mun je Ingila ba ma. Zalika Souley tamu ta fito a Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, mutumin da ku ƴan Tawa kuka zauna da shi shekaru, ta kuma fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Mutane suka kasa raba ta da matan da take kwaikwaya, ta sha zagi a gari. Da harkar sinima ta mutu a ƙasar nan ta shiga talauci har ta fita waje aikatau, Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta. Ita ba miji ya ci ta ba, sana'ar ce ta rushe a kanta ba ta bar mata komi a hannu ba.

Yanzu ga ke. Ban san yaron nan ba, ba kuma zan kira shi Hamilton don ya riƙe waya ba. Wataƙila mutumin kirki ne da ya ga yarinya ba ta iya ciniki ba ya tsaya mata. Amma kada ki yarda a cuɗa zancen aure da na kuɗi a ƙwarya ɗaya. Aure a bar wa iyaye maza su yi bincikensu yadda aka saba, asalinsa, sana'arsa, zamansa da mutane. Kuɗi kuma a fara da su tun yau. Layin da masu talla ke turo kuɗi ya zama da sunanta aka yi masa rajista. Lambar sirrin shafin ta koma hannunta, da layin da aka buɗe shi da shi, don wanda ke da layin shi ke da shafin ko da fuskarta ce a kai. A sayi ɗan littafi a riƙa rubuta wa ya ba da talla, nawa ya biya, nawa ne ladan mai ɗaukar hoto. Ladan nan a yanke masa shi a fili, haƙƙinsa ne, ya yi wahala. Addini ma ya riga ya raba gardama, dukiyar mace tata ce ko tana gidan miji.

Ki sa kawunta ya kira shi, cikin mutunci, da shayi, ya ce a zauna a lissafa abin da ya shigo cikin wata shida da suka wuce. Ke kuma ki zauna gefe ki dubi fuskarsa. Mai gaskiya zai ciro waya ya nuna, ƙila ma ya ji daɗi an sauke masa kaya. In kuwa ya fara cewa ba a yarda da shi ba ne, ko soyayya ba ta son lissafi, kin sami amsarki ba tare da kin je wurin malami ba. Ni da nake miki wannan wa'azi na taɓa sa hannu a takardar fili ban karanta ba, don kunyar wani ɗan'uwa da ke tsaye a kaina. Ina da ilimin karanta ta da harshe biyu, kunya ta hana. Filin yana nan, da ginin wani a kai.

Kuma kada ki ƙwace mata wayar. Za ta ari ta ƙawa ta ci gaba a ɓoye, sannan shi kaɗai zai zama mai jin sirrinta. Ki zauna ki kalli wasannin nata, ki yi dariya inda ya ba ki dariya, inda kika ga an fara sa ta rage mayafi don a ƙara masu kallo ki tambaya shawarar wa ce.

Kai kuma ɗana na tasha, ga taka. Ita ce ta ce ta ɓoye sama da fam miliyan 2 a bankuna, kuma kafin ta rasu ta ba babban ɗanta takarda cike da haruffa marasa ma'ana, ta ce makullin yana wurin Alan Lake. Shi kuwa ya bi ta bai faɗa wa kowa ba. A 2003 tashar Channel 4 ta Ingila ta yi shiri a kai, masana suka gano tsohon salo ne da ake kira da sunan Vigenère, wani Bafaranshe na ƙarni na 16. Ana zaɓen kalma guda a matsayin makulli, kowane harafi nata ya nuna tsallake nawa za a yi wa harafin saƙon a jerin abacada. Makullin ya fito DMARYFLUCK, sunan nan da ta yar tun tana yarinya. Da aka warware, sunayen mutane ne da na garuruwan Ingila kawai, babu lambar ajiya, babu adadi. Har yau ba a ga ko fam ɗaya ba, kuma matar da ta yi ta fama da masu lanho, ni ban cika sa rai akwai su ba. Idan da kuɗi kuka yi gardamar, wanda ya ce ba a samu ba shi ya ci. Ka gaida mutanen tasha, ka kuma riƙa sa hular kwano.