Abokin aikina yana shan giya lokacin hutun rana, in kai ƙara ko in yi shiru?

Malam ka ce kuna aiki a wajen yanka katako, shi yake riƙe inji, kuma kullum da azahar sai ya sha kwalba ɗaya ya dawo yana tauna goro wai ai ya wartsake. To wallahi kar ka yi shiru.

Goro ko kofi ko wanke fuska da ruwan sanyi ba sa fitar da giya daga jini, warin baki kawai goron yake ɗan rufewa. Hanta ce ke wannan aikin kuma a hankali take yi, babbar kwalbar nan ta 60cl sai ta ɗauki kusan awa 3 kafin ta bar jiki, kaga ke nan har la'asar yana aiki da ita a kansa. In giyar 'yar leda ce ma kar ka raina ta don wasu ƙarfinsu ya kai kashi 40 cikin 100. Matsalar ita ce shi ji zai yi garau yake alhali hannunsa ya rage sauri, kuma zarton inji ba ya jira, kai da kake tura masa katako kana cikin haɗarin.

Ni dai da ni ne zan fara jan shi gefe mu biyu, ba a gaban yara ba, in ce ɗan'uwa ina tsoron yatsunka ne, ko akwai abin da ke damunka? Da yawa damuwa ce ke kai su ga shan giya. In ya ƙi ji to ka samu oga a sirrance, ka roƙa a ɗauke shi daga kan injin tukuna a ba shi wani aikin kafin a zauna da shi.