Tambaya da Amsa: Wai akwai makarantar koyon kiɗa?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗan Tudun Wada ne nan Zariya, ina ɗan taɓa fiyano a wani situdiyo amma duk da kunne nake yi, in na ji sauti sai in yi ta lalube har in kamo shi. Wai da gaske akwai makarantar da ake koyar da kiɗa har a ba mutum takarda?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Akwai mana. Wadda zan fara nuna maka ita ce MUSON da ke Onikan a Legas, asali ƙungiyar masoya kiɗa ce (Musical Society of Nigeria) aka kafa a 1983, cikin waɗanda suka kafa ta har da marigayi Akintola Williams, shahararren akantan nan, sai a 1989 suka buɗe makarantar. Suna da ajin 'yan koyo, suna kuma da difloma ta shekara 2 wadda gidauniyar MTN ke ɗaukar nauyin ɗalibanta, amma fa ba haka kawai ake shiga ba, sai an zaunar da kai ka kaɗa a gaban malamai sun ji hannunka. In digiri kake so, Jami'ar Nsukka na da sashen kiɗa tun 1961.

Babban abin da za su ƙara maka shi ne karanta kiɗa a rubuce, layuka 5 ne a jere da 'yan ɗigo-ɗigo a kansu, kowane ɗigo sauti ne da tsawonsa, sai ka ga an miƙa wa mutum takardar waƙar da bai taɓa ji ba ya zauna ya kaɗa ta tsaf.

Sai dai don Allah kar ka raina kunnen nan naka, wallahi abin yana damuna in na ga yaranmu suna ganin kamar ba su iya komai ba sai sun je Kudu. Makaɗan fadar Zazzau da kunne suka koya, yaro ya fara da ɗaukar kayan kiɗa yana bin ubansa, a ba shi kanzagi, ƙaramar gangar nan, ya yi shekaru yana riƙe kiɗa kafin a yarda ya taɓa babbar ganga. Kuma Mamman Shata bai je makarantar kiɗa ba, amma nan ABU ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Kafin ka nemi fom, samu wanda ya iya karatun layukan nan ya fara ɗora ka, ko a Sabon Gari za ka samu, don za su tambaye ka a jarrabawar shiga.